Ilmin Kimiyya: Yadda A Ke Taimakon Masu Raunin Fahimta a Yankin Mitchellville

  Yau za mu yi magana a kan wani al'amari wanda da wuya a sami unguwa ko ƙauye a ƙasar Hausa da babu shi, amma ba a cika zancensa a fili ba, watau yaron da ya taso fahimtarsa ba ta bi ta tsararrakinsa ba. Sa'o'insa sun yi magana, shi bai yi ba. An sa su makaranta sun wuce, shi yana nan a harafin farko. Za mu duba abin da masana suka gano game da dalilin wannan, sa'an nan mu ɗauki misalin wani yanki na Amurka, mu ga yadda mutanensa suka yi da irin waɗannan yara a dā, da yadda su ke yi da su yanzu.

Yankin kuwa shi ne na Mitchellville, wani gari a cikin gundumar Prince George's ta jihar Maryland, gabas da birnin Washinton, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba. Akwai 'yan Afirka da yawa zaune a wannan gunduma, har da mutanen Nijeriya.

Mene Ne Raunin Fahimta?

Da fari ya kamata mu rarrabe abu biyu waɗanda mutane su kan haɗa. Raunin fahimta dabam, taɓin hankali dabam. Taɓin hankali ciwo ne da ya kan sami mutum bayan ya taso da wayonsa, a kan kuma yi masa magani ya sami sauƙi. Mai raunin fahimta kuwa ba mahaukaci ba ne. Yana sane da mutanensa, yana jin daɗi, yana jin ɓacin rai, ya san wanda ke ƙaunarsa da wanda ke yi masa ba'a. Abin da ya same shi shi ne koyo na yi masa wuya, kuma yana ɗaukarsa lokaci mai tsawo.

Likitoci ba su cewa mutum na da raunin fahimta sai abu uku sun taru. Na ɗaya, a gwada basirarsa a ga ta gaza ta yawancin mutane ƙwarai. Wannan gwaji wani Bafaranshe ne mai suna Alfred Binet ya fara tsara shi da abokin aikinsa Simon a birnin Faris cikin 1905, don a gane yaran makaranta masu bukatar ƙarin taimako. A ma'aunin da a ke amfani da shi yanzu, matsakaicin mutum na samun 100, wanda ya sami kimanin 70 ko ƙasa da haka shi a ke dubawa. Na biyu, a ga yana shan wahala wajen hidimar yau da kullum, kamar sa tufafi, da lissafin kuɗi, da ma'amala da mutane. Na uku, ya zama abin ya fara tun yana yaro, ba da girmansa ba. An kimanta kusan mutum 1 cikin 100 na da wannan hali, yawancinsu kuwa nasu mai sauƙi ne, suna iya koyon sana'a su riƙe kansu in an taimake su.

Akwai kuma waɗansu lalurori da a ke haɗawa da shi, domin su ma tun tasowa su ke bayyana, kamar sandarewar gaɓoɓi saboda lahani a ƙwaƙwalwa, da kuma halin yaron da ba ya haɗa ido da mutane, ba ya shiga wasan yara. A gida a kan tara su duka a ce galahanga. Dokar Amurka ta sa su a layi guda, muddin abin ya bayyana kafin mutum ya cika shekara 22, ko da ya ke waɗansu daga cikin masu su basirarsu cikakkiya ce.

Me Ke Kawo Shi?

Waɗansu su kan ce aljanu ne suka musanya yaron, ko ɗan ruwa ne, ko kuwa uwar ce ta yi wani laifi. Ilmi ya nuna ba haka ba ne. Ga waɗansu daga cikin dalilan da aka tabbatar.

Na farko yana cikin halitta. A cikin kowace ƙwayar jikin ɗan Adam akwai waɗansu 'yan zarurruka masu ɗauke da gadon kamanni, masana na kiransu kuromozom. Guda 46 ne, 23 daga uba, 23 daga uwa. Wani lokaci sai a sami ƙarin guda a kan na 21, su zama 47. Yaron da aka haifa haka ya kan zo da idanu masu ɗan karkata, da sanyin jiki, da jinkirin koyo. Wani likitan Ingila, John Langdon Down, shi ya bayyana siffar abin cikin 1866, shi ya sa a ke kiransa da sunansa. Amma sai a 1959 masana a Faris suka gano ƙarin zaren. A Amurka kusan jariri 1 cikin 700 a ke haifa haka. Babu abin da uwa ta ci ko ta taka da ya jawo shi. Kusan rabin waɗannan yara na zuwa da ciwon zuciya, don haka ya kamata likita ya duba su da wuri. Wani bincike a Amurka ya nuna cikin 1983 rabinsu ba su wuce shekara 25 ba, amma zuwa 1997 adadin ya kai 49, saboda kyakkyawar kulawa.

Na biyu shi ne abinci. Jikin mai ciki na bukatar wani sinadari da a ke kira aidin don gina ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta. Rashinsa ne ke kawo maƙoƙo ga manya, ga jarirai kuwa ya kan dakushe basira. Maganinsa ba shi da tsada, watau gishiri mai aidin, wanda Nijeriya ta wajabta tun 1993.

Na uku shi ne wahalar haihuwa da cututtukan ƙuruciya. In naƙuda ta yi tsawo, jariri ya rasa iska, ƙwaƙwalwarsa na iya lahanta. Haka kuma shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, wadda asibiti ke warkarwa ta hanyar sa jariri ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske. Haka sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai. An fara sabuwar allurar rigakafin sanƙarau a Nijar cikin 2010, a Nijeriya kuma 2011.

Na huɗu shi ne guba. Masu sauraro za su tuna abin da ya faru a jihar Zamfara cikin 2010, a yankunan Anka da Bukkuyum, inda a ke niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ƙurar tana ɗauke da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu, waɗansu da suka rayu kuwa gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma wata cutar gado wadda jikin jariri ba ya iya sarrafa wani sinadari na cikin madara da nama, sai ya taru ya ɓata ƙwaƙwalwa. A farkon shekarun 1960 wani likitan Amurka, Robert Guthrie, ya ƙirƙiro hanyar gane ta da ɗigon jini daga diddigen jariri. In an gane da wuri aka sa yaron kan abinci na musamman, sai ya taso lafiya lau. Yanzu a kan yi wa jarirai wannan gwaji a kowace jiha ta Amurka. Kun ga ashe da yawa daga cikin waɗannan dalilai ana iya tare su, rigakafi kuwa ya fi magani.

Yadda A Ke Yi A Dā

Kada wani ya zaci tun asali Amurkawa sun iya riƙon irin waɗannan mutane. A farkon ƙarni na 20 shawarar da a ke ba iyaye ita ce su kai yaron wani babban gida na gwamnati can bayan gari, su bar shi. Cikin 1967 mutanen da ke tsare a irin waɗannan gidaje a Amurka sun kusa 195,000.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Forest Haven, kusa da garin Laurel, arewa da Mitchellville. An buɗe shi a 1925 don mutanen birnin Washinton, har ya kai ga tara mutum fiye da 1,000. Ma'aikata suka yi kaɗan, koyarwa ta tsaya, aka koma ɗaure mutane a gado da ba su maganin barci. Jihar Maryland ita ma tana da nata, mai suna Rosewood, wanda aka kafa a 1888. Darasin da masana suka ɗauka a nan shi ne, yaron da aka ware, ba mai yi masa magana, ba mai koya masa kome, ɗan abin da ya iya ma ya kan ɓace. Sai mutane su dube shi su ce, ai dā ma ba ya iya koyo. Alhali kuwa rashin koyarwar ne ya ƙara masa rauni.

Iyaye Sun Tashi Tsaye

Ba gwamnati ce ta fara gyara ba, iyaye ne. Cikin 1950 iyaye daga jihohi dabam dabam suka taru a birnin Minneapolis suka kafa ƙungiyar da yanzu a ke kira The Arc. Bayan shekara biyu, watau 1952, iyayen gundumar Prince George's suka kafa tasu, wadda ofishinta ke Largo, maƙwabcin Mitchellville. A lokacin makarantun gwamnati na da ikon ƙin karɓar irin 'ya'yansu, don haka iyaye a wurare da yawa suka riƙa buɗe azuzuwa da kansu.

Cikin 1963 kuma waɗansu iyaye a wannan gunduma suka sami fili eka 7 daga sansanin mayaƙan sama na Andrews, suka kafa tsohon tantin soja, suka fara koya wa samarinsu renon shuke-shuke. Wannan shi ne asalin Melwood, da ke Upper Marlboro, wadda ta zama babbar ma'aikata mai horar da naƙasassu tana sama musu aiki. Abin lura a nan shi ne da tanti aka fara, ba da bene ba.

A daidai wannan zamani sai Allah ya kawo musu mataimaki daga sama. Shugaba John Kennedy na da ƙanwa, Rosemary, mai irin wannan lalura. Cikin 1961 ya naɗa kwamitin masana su duba al'amarin. Wata ƙanwar tasa, Eunice Shriver, ta fito ta faɗa wa duniya labarin 'yar'uwarta a 1962, ta kuma buɗe filin gidanta a Maryland don yara masu raunin fahimta su zo su yi iyo da guje-guje. Daga nan ne aka sami wasannin Special Olympics, waɗanda aka fara a birnin Shikago cikin Yuli 1968 da 'yan wasa kimanin 1,000. Da mutane suka ga gidan shugaban ƙasa bai ɓoye nasa ba, sai kunya ta ragu ga talakawa.

Daga Roƙo Zuwa Haƙƙi

Iyayen suka lura abin da aka ba ka don tausayi ana iya karɓe shi gobe, amma abin da doka ta ba ka ya zauna. Saboda haka suka nufi kotu da majalisa. Cikin 1971 aka kai ƙarar hukumar ilmi ta Washinton a madadin yara 7 da aka hana karatu. Hukumar ta ce ba ta da kuɗi. Alƙali Joseph Waddy ya yanke cewa rashin kuɗi ba hujja ba ne. In kuɗi sun yi kaɗan, to, a raba ƙarancin daidai, kada a ɗora shi kan naƙasassu kaɗai. A 1975 majalisar Amurka ta yi doka cewa kowane yaro naƙasasshe na da haƙƙin karatu kyauta daidai da bukatarsa. Majalisar da kanta ta ce a lokacin yara miliyan 1 ne ke waje, ba a karɓe su makaranta ba sam.

Cikin 1976 iyayen waɗanda ke Forest Haven suka kai ƙara, shari'ar da aka sani da sunan Evans. A 1978 kotu ta umarta a fara mai da mutanen cikin gari, aka rufe gidan cikin Oktoba 1991. Amma kotu ba ta janye idonta daga hukumar birnin ba sai Janairu 2017, watau bayan shekara 40 da ɗoriya, domin fitar da mutane daga babban gida abu ne mai sauƙi, kula da su da kyau a waje shi ne aiki. Rosewood kuma an rufe shi a 2009. Kotun Ƙoli ta Amurka ta ƙarfafa wannan hanya a 1999, inda ta ce ware naƙasasshe ba bisa dalili ba wariya ce da dokar 1990 ta hana.

Har suna ma an gyara. A 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a wata doka wadda 'yar majalisar dattijai ta Maryland, Barbara Mikulski, ta gabatar, aka cire tsohuwar kalmar da ta zama zagi daga dokokin tarayya. Mu ma ya kamata mu duba bakinmu, don wanda aka saba kira dolo ko gaula ba a sa ran ya koyi kome. Sa'an nan a 2016 Maryland ta yi dokar hana biyan naƙasassu ƙasa da mafi ƙanƙantar albashi, ta cika aiki a 2020.

Yadda Taimakon Ya Ke Yanzu

Bari mu bi yaro daga haihuwa. In iyaye a Mitchellville suka ga ɗansu ya yi jinkirin zama ko magana, akwai shirin gwamnati na jarirai, daga haihuwa zuwa shekara 3. Masana su kan zo har gida su gwada wa uwa yadda za ta motsa masa gaɓoɓi, da yadda za ta jawo shi magana. Dalilin gaggawar shi ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar gyara a shekarun farko. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

In ya isa makaranta, sai malamai da iyaye su zauna su rubuta masa tsari nasa na kansa: ga abin da ya iya, ga abin da a ke so ya iya bana, ga taimakon da za a ba shi. A kan sake duba takardar kowace shekara, yana kuma iya zama a makaranta har shekara 21.

Bayan nan sai hukumar jihar mai kula da irin waɗannan lalurori ta karɓe shi. Tun 1981 doka ta yarda a kashe kuɗin asusun lafiya na Medicaid don kula da mutum a cikin gari maimakon babban gida. Da waɗannan kuɗi ƙungiyoyi irin su The Arc ke aiki. Wani yana zaune da iyayensa, ma'aikaci na zuwa taya su, har a kan karɓe shi kwana biyu don iyaye su huta. Waɗansu su kan zauna 'yan kaɗan a gida guda cikin unguwa, da mai kula da su. Mai iya aiki a nema masa a kanti ko ofis, a haɗa shi da mai koyarwa wanda zai tsaya kusa da shi har ya ƙware, sa'an nan ya ja baya. Su kansu masu lalurar yanzu suna da ƙungiyoyinsu, suna zuwa majalisar jiha a Annapolis su faɗi bukatunsu da bakinsu.

Ba a ce kome ya gyaru ba. Akwai masu jiran layi kafin su sami taimako, albashin masu kula da su kaɗan ne har ba su cika daɗewa a aikin ba, tsofaffin iyaye kuma na kwana da tunanin wanda zai riƙe ɗansu bayan ransu.

Dabarar Da Ba Ta Bukatar Kuɗi

Yanzu ga wata dabara da malaman nan ke amfani da ita, wadda kowace uwa za ta iya yi a tsakar gidanta. Aikin da mu ke gani guda ne, ga mai raunin fahimta ayyuka ne da yawa a haɗe. Don haka sai a rarraba shi. Mu ɗauki sa riga: a ɗauko ta, a juyo gabanta, a sa kai a wuya, a zura hannun dama, a zura na hagu, a ja ta ƙasa. Mataki 6 ke nan.

To, sai a fara koyarwa daga na ƙarshe. Uwa ta yi masa biyar na farko, ta bar masa jan rigar ƙasa. Da ya ja, ta yabe shi nan take. In ya riƙe wannan bayan 'yan kwanaki, sai ta tsaya a na huɗu, ya zura hannun hagu da kansa ya ja. Haka za a yi ta komawa baya har ya iya duka. Hikimar ita ce kullum shi ke gama aikin, yana ganin nasararsa, ba ya karaya. A yi a lokaci guda kowace rana, da kalmomi iri ɗaya, ba tsawa, ba duka. Da wannan hanya a ke koyar da wanke hannu, da cin abinci, da alwala, da ban ruwan lambu, da ba dabbobi abinci. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Ta wajen doka ba a bar mu a baya ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a 2006, Nijar ta amince da ita a 2008, Nijeriya a 2010. Cikin Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, aka kuma kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Amma labarin gundumar Prince George's ya nuna doka ba ta tafiya da ƙafarta, sai an sami masu tura ta. Muna kuma da wani abu da Amurkawa suka sha wuya kafin su komo gare shi, watau zaman yaro cikin danginsa. Abin da ya rage shi ne kada zaman ya zama na ɓoyo a ƙuryar ɗaki, ko na bara a bakin titi.

Saboda haka, jama'a, mai ciki ta riƙa zuwa awo, ta haihu a hannun ungozoma mai horo. A sayi gishiri mai aidin. Jaririn da idonsa ya yi rawaya a kai shi asibiti ran nan. A yi wa yara rigakafi. Wanda kuwa Allah ya ba ɗa mai raunin fahimta, ya fito da shi cikin mutane, ya kira shi da sunansa na yanka, ya koya masa abu kaɗan kaɗan. Ya kuma nemi sauran iyaye irinsa a unguwa, ko su biyar ne, su je tare wurin mai unguwa da shugaban makaranta su nemi a ba 'ya'yansu wuri, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.